Hannun Uwarta a Bayan Gilashin Waya

Ate Choleng,

Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, bari in ja kunnen duk macen da ke karanta shafin nan wadda 'yarta ke aikatau a ƙasar waje. Idan ta turo miki bidiyo, ki kalla ke kaɗai, ki gode wa Allah, ki rufe wayarki. Kada ki nuna wa ƙawa, don ƙawa ta san Sistar coci, Sista kuma tana da farin bango da na'urar haska hoto. Ni ban samu mai gaya mini ba. Yanzu ki taimake ni, abin ya ɗaure mini kai, kuma ni ba mace ba ce mai saurin neman shawara a waje.

Ni 'yar Batangas ce, daga garuruwan nan na bakin teku da rabin gidajensu da gumin Italiya aka gina su. Mijina ya rasu. A cikin 'ya'yan da na haifa babu wanda ya taɓa shiga gidana da yamma bai yi mano ba. Ana buga ƙararrawar coci, duk inda yaro yake sai ya dawo, a tsaya a yi addu'a, sannan kowa ya zo ya ce "mano po", ya kama hannuna ya ɗora bayansa a goshinsa, ni kuma in ce Allah ya yi maka jinƙai. Na san yaran yanzu sumba suke manna wa iyayensu a kunci kamar a fim, iyayen kuma suna washe baki. Su ta shafa. Yaron da bai iya sunkuyar da kai ga hannun da ya ciyar da shi ba, ban ga wanda zai sunkuya wa ba idan ya girma.

Autata, zan kira ta Malou, ita ta fi kowa ba ni wahala a kan addini. Barci take yi a coci ana Misa, baki buɗe. Kafin a kai rabin rosari, addu'ar carbinmu, ta fara hamma, in na waiwaya kuma in tarar da cingam a bakinta. Silifas ɗina ya san bayanta fiye da na yayyenta duka. Ta haifi 'ya mace, Katkat, uban yarinyar kuwa ba zan ɓata miki takarda a kansa ba. Katkat tana 'yar ƙarama Malou ta tafi Milan ta Italiya aikin raino, ta bar mini ita, ni Lola ɗinta, wato kakarta. Yanzu yarinyar ta kusa gama firamare.

Da Malou ta tafi sai na ce nisa ba zai sa jikata ta tashi babu albarkar uwa ba. Ni na ƙirƙiro abin, ba na ɓoyewa. Idan ƙararrawar yamma ta buga a nan, can rana ce tsaka, Malou tana kicin. Sai ta kira, mu yi addu'a tare, ta juya bayan hannunta ga kyamara, Katkat ta ce "mano po, Nanay", haka ake kiran uwa a wurinmu, ta manna goshinta a gilashin waya. Kullum sai na goge maiƙon goshi da gefen rigata. Maƙwabta sun yi mini dariya da farko. Je ki unguwarmu yau da yamma ki ga goshi nawa ke manne da waya.

Cocinmu yana da ƙungiyar iyalan waɗanda suke waje, wata Sista Rosenda ce ke riƙe da ita. Ranar Asabar ake haɗuwa. Ana taya yara aikin makaranta, ana zama da matan da mazansu suka daina kira, ana kai ziyara gidan tsofaffin da aka bari su kaɗai, ranar Lahadi kuma a ambaci sunayen matafiyanmu a Misa. Da farko ban so shiga ba, don na san taron mata, rabinsa addu'a ne rabinsa wane ya ajiye wata mace a Doha. Amma na ga amfaninsa ga yaran, sai na zauna. Ba zan ci zalin Sista ba, mace ce mai aiki, takalminta ma ya shaida.

Inda muka sha bamban da ita shi ne maganar mishan. Kullum cewa take 'ya'yanmu da ke waje 'yan mishan ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Ni abin da na sani tun ina makaranta, ɗan mishan Fada ne mai gemu da ya bar ƙasarsa saboda bishara, ko namu da ake turawa tsibiran nesa, waɗanda muke tara wa kuɗin baiko ranar Lahadin Mishan. Wanda ya tafi saboda Allah daban, wanda ya tafi saboda rufin kwano da kuɗin makaranta daban. Na faɗa mata haka a gaban mutane. Murmushi kawai ta yi ta ce in ƙara kofi.

Sai ga bidiyon. Yarinyar da Malou ke raino, Viola, mai gashi kamar na masara, ta fito daga makarantarsu da gudu, ta ce "mano po, Nanay" da harshenmu tsaf, ta kama hannun 'yata ta ɗora a goshi. A wani guntun kuma tana zaune gaban taliya, ta yi alamar gicciye, ta karanto addu'ar cin abinci da Tagalog, harshenmu, irin wadda na koya wa Malou da silifas. Malou ta ce iyayen yarinyar rabon su da coci tun ranar aurensu, amma da 'yarsu ta dame su da tambayar wa take gode wa kafin ta ci, sai suka kai ta aka yi mata baftisma, suka roƙi Malou ta zama Ninang ɗinta, wato ta tsaya mata a gaban Fada. Kakar Viola har kuka ta yi.

Na nuna wa ƙawata Kumare Pacing bidiyon. Ta ce ashe waliyyiya na haifa nake ta ɓoye musu, in fara neman inda za a kafa mutum-mutuminta a dandali. Na ce in za a sassaƙa shi a sassaƙa tana barci baki buɗe, don mutanen gari su gane ta. Kafin in kai gida labari ya kai wa Sista. Ta zo da kanta ta roƙi izini ta nuna shi ranar Lahadin Mishan, na ce to. Ban tambayi Katkat ba. Ba a tambayar yaro izini a gidana.

Bayan Misa aka haska shi a bangon zauren coci. Mutane suka yi ta tafi, wasu na share hawaye. Fada Arnel ya miƙe ya ce a da can Turawa suka kawo mana bangaskiya a jirgin ruwa, yau ga 'yarmu ta mayar musu da ita a hannun mai raino. Ba zan yi miki ƙarya ba, kaina ya yi girma a wurin. Ashe a layin yara wata mara kunya 'yar ajinsu ta juyo ta ce, "Katkat, ashe kin yi ƙanwa Baturiya? Ita da hannu, ke da gilashi." Yaran suka yi dariya. Katkat ba ta yi kuka ba, ba ta rama ba. Na same ta a gida tana wanke shinkafa.

Tun daga ranar ba ta ƙara yi wa uwarta mano ba. Ni ta ci gaba da yi mini, tana yi wa Fada, har tsohuwar da ke sayar da kifi a kusurwa tana yi wa. Idan Malou ta kira, tana amsawa da ladabi, ta faɗi abin da aka koya a makaranta, ta ce ta ci abinci. Amma da zarar hannun ya bayyana a gilashi sai ta haɗa hannuwanta a baya ta kalli bango. Malou takan bar hannun a sama har ya gaji, sannan ta ce tukunyarta na ƙonewa, ta kashe. Taron Asabar ma Katkat ta daina zuwa. Sista ta tambaye ni, na ce mura take yi.

Na yi faɗa, na hana ta talabijin, na tuna mata umarnin Allah a kan girmama iyaye. Ta tsaya ta ji duka, sannan ta ce, "Lola, in albarka tana bi ta waya, me ya sa Fada ba ya ba da jibin Ubangiji ta waya?" Ate Choleng, ki ji irin tambayar da yarinya ta yi mini. Ni da na ci kyauta a darasin addini a sakandare. Na ce ta je ta share tsakar gida, amma tambayar ta bi ni har kasuwa.

Da safe na tare Fada a ƙofar gidansa. Ya yi dariya har sai da ya ajiye kofinsa, ya ce in turo masa yarinyar ta karɓi ajin masu shirin jibi, shi ya huta. Sannan ya ce jibi da furta zunubi sai mutum yana wurin da jikinsa, haka Ikilisiya ta koyar, amma albarkar uwa addu'a ce, kuma Allah ba ya jiran a samu sabis kafin ya ji. Na dawo wa Katkat da amsar ina taƙama. Ta ce, "To, Lola, in addu'a ce, ai ba ta buƙatar goshina po." Da "po" ɗinta na ladabi da komai, ba ka da inda za ka kama ta. Raina ya ɓaci, amma a cikina na ce wannan kan ba daga wajen ubanta ta samo shi ba.

Na kira Malou ni kaɗai na wanke ta tas, na ce wa ya aike ta raba wa 'ya'yan mutane abin da yake na 'yarta. Ta ce ba ta taɓa koya wa Viola ba. Tun yarinyar tana goye a ƙugunta Malou take kiranmu daga kicin, Viola kuma tana kallon wata fuska a waya tana matsowa har gilashi ya yi duhu. Wata rana bayan an kashe, sai kawai ta jawo hannun ta ɗora a goshinta, ta faɗi abin da ta saba ji, har da "Nanay" ɗin. Malou ta ce ba ta iya janye hannu ba. Ban gaya wa Katkat wannan ba, kada ta ga kamar lallashinta nake yi. Babba ba ya lallashin yaro a kan ladabi.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Malou za ta zo hutun Kirsimeti, an daɗe ba ta zo ba. Yanzu ta fara cewa wai tikiti ya yi tsada, ko ta turo kwalin kaya kawai. Na san 'yata, ba tikiti ba ne. Da na matsa mata sai ta ce, "Nanay, in na miƙa mata hannu a bakin ƙofa ta bar shi a iska a gaban dangi, ban san inda zan sa kaina ba."

To ki fahimtar da ni, don da gaske nake son sani. Shin 'yata 'yar mishan ce? Idan ita ce, yaya aka yi wadda silifas bai sa ta son Misa ba, yanzu ita ke karatu a gaban bagadi a Misar 'yan ƙasarmu a can, har tana jan rosari? Kaɗaici ne ya koya mata, ko abin da na dasa ne bai tashi tsirowa ba sai a sanyi? Mutum yana iya yin aikin Allah bai yi niyya ba, a kuma rubuta masa? In an rubuta masa, wa zai biya wa yarinyar da aka bari? Su Fada masu gemu ai ba su bar 'ya'ya a gida ba. Kuma shin duk shekarun nan albarkar tana isowa ta gilashin nan, ko goshi kawai nake gogewa?

Kafin amsarki ta zo ban zauna haka ba. Na tara gidan na kafa doka, kuma kowa ya san ba na janye magana. Hannuna da na uwarta hannu ɗaya ne. Duk wanda ya ƙi hannun uwarsa a gidan nan, ba zai samu nawa ba. Jiya da yamma Katkat ta zo ta ce "mano po, Lola", na bar hannuna a aljihu.

Uwa mai neman sani,
Batangas

*

Nanay mai neman sani,

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ki fitar da hannun nan daga aljihu yau, kafin ki gama karanta sauran. Na gane abin da kike nufi da dokar, kina so ki nuna mata uwarta ba abar rainawa ba ce, kuma kina da gaskiya. Amma ki duba inda yarinyar ta tsaya. Ciwonta shi ne hannun uwarta yana wani gari a kan goshin wata. Hannu ɗaya tak ya rage mata wanda take iya jin ɗuminsa, shi ne naki. Janye shi ba zai kai ta ga uwarta ba, zai dai koya mata a saba rayuwa babu ko ɗaya. Ba sai kin ce kin yi kuskure ba. Ki miƙa kawai, za ta gane.

Ba rashin kunya take yi ba. Yaro mara kunya ba ya yi wa mai kifi mano. Katkat ta ɗauki al'adar da muhimmanci ne fiye da duk masu tafi a zauren nan, shi ya sa ta ƙi yin ta da rabin zuciya. Ke kika raine ta haka.

Tambayarki a kan mishan, ni ina bayan Sista, amma ba duka ba. E, mutum yana iya kai bangaskiya inda bai yi niyya ba, kuma abin da kika dasa ne ya tsiro. Da yawa daga 'ya'yanmu sai sun rasa mai tashinsu zuwa Misa suke gano cewa suna son zuwa. Ki yi alfahari da Malou, ki kuma gaya mata, don ina zargin ba ki taɓa yi ba. Sai dai ke ma kin faɗi abin da ya kamata coci ya riƙa ji: masu gemu ba su bar 'ya'ya a gida ba. Ba daidai ba ne a haska hannun uwa a kan 'yar wani a gaban 'yarta ba tare da an shirya ta ba. Ki daina cewa mura. Ki je ki gaya wa Sista Rosenda abin da ya faru, har da maganar 'yar ajin nan. Yadda kika kwatanta ta, za ta so ta sani, kuma akwai wasu yaran a layin da iyayensu mata ke rainon 'ya'yan wasu, su ma sun kalli bangon nan. Aikin ƙungiyar ke nan.

Ina ganin kuma ba hannun kaɗai ya soke ta ba, har da sunan. Ta ji wata ta ce "Nanay". Wannan yana da gyara mai sauƙi, kuma gaskiya ce ba dabara ba. Malou Ninang ɗin Viola ce tun ranar baftisma, kuma kowa ya san yaro yana yi wa Ninang ɗinsa mano. To ta koya mata a hankali ta riƙa cewa "mano po, Ninang". Viola ba ta rasa komai ba, iyayenta ma za su fi jin daɗi. "Nanay" kuma ya koma ga mai shi ita kaɗai.

Labarin yadda Viola ta koya, kada ki riƙe shi, amma ba daga bakinki zai fito ba. Malou ta kira Katkat su biyu, ke ki fita ki ba su wuri, ta gaya mata cewa goshinta yarinyar ta yi ta kallo har ta kwaikwaya. Kada a ce mata "kin ga ke ma 'yar mishan ce", yarinya mai kai irin wannan za ta gane ana sayenta. A faɗa mata yadda abin ya faru, a bar ta da shi. Malou kuma ta tambaye ta abin da ta ji ranar, ta saurara ko da bai yi mata daɗi ba.

Albarka tana isowa, Fada ya faɗa miki daidai. Katkat ma ta faɗi daidai, ba ta buƙatar goshi. Don haka Malou ta daina ɗaga hannu tana jira har ya gaji, wannan azaba ce ga su biyun. A ƙarshen kowane kira ta ce Allah ya yi miki jinƙai, 'yata, ta kashe, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Sannan ki gaya wa Malou ta sayi tikitinta. Kwalin kaya a wannan shekarar zai tabbatar wa yarinyar duk abin da take tsoro. Ranar isowa kada ki tara dangi a bakin ƙofa, su zo washegari, abinci ba zai gudu ba. Kada Malou ta miƙa hannu, ta rungume 'yarta kawai. Ba zan yi miki alkawarin za ta yi mano a ranar ba, wataƙila sai an kwana biyu, wataƙila a kicin lokacin da ba kowa. In kin gani, ki yi kamar ba ki gani ba. Na san wannan ne zai fi miki wuya a duk abin da na faɗa, amma macen da ta tare Fada da sassafe saboda tambayar yarinya za ta iya.

Allah ya kawo Malou lafiya, ya sanyaya zuciyar Katkat, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi da tsawon rai a kansu.

Taki,
Ate Choleng